Jiragen ƙasan Indiya: Daga tururi da dizal zuwa wutar lantarki

A cikin shekaru goma, wato daga 2014 zuwa 2024, ƙasar Indiya ta ja wayoyin lantarki a kan layukan dogo masu tsawon fiye da kilomita dubu 40. Wannan adadi ya kusa ninka abin da ƙasar ta yi tun daga shekarar 1925, lokacin da jirginta na farko mai aiki da lantarki ya tashi daga birnin Bombay. Ya zuwa shekarar 2025, kimanin kashi 99 cikin ɗari na manyan layukan dogon ƙasar sun samu lantarki.

Gwamnatin Indiya dai na kallon wannan aiki a matsayin ginshiƙin alkawarin da ta yi cewa nan da shekarar 2030 harkar jiragen ƙasanta za ta daina ƙara wa sararin samaniya hayaƙi mai ɗumama yanayi. Sai dai kuma akasarin wutar da ke gudana a cikin waɗannan wayoyi da kwal ake samar da ita, kuma shi kansa kwal ɗin jiragen ƙasa ne ke dakonsa zuwa tashoshin wutar.

Girman harkar

Hukumar Jiragen Ƙasa ta Indiya mallakar gwamnatin tarayya ce, kuma tana ƙarƙashin ma'aikata mai zaman kanta da ministanta. Tsawon layukanta ya haura kilomita dubu 68, abin da ya sa ta zama ta huɗu a duniya, bayan Amurka da China da Rasha. Tana da tashoshi fiye da 7,000 da ma'aikata sama da miliyan ɗaya.

A kowace rana jiragenta na ɗaukar fasinja kimanin miliyan 20. A shekarar kuɗi ta 2022 zuwa 2023, kayan da ta yi dako sun zarce ton miliyan dubu ɗaya da ɗari biyar.

Har zuwa wajejen shekarar 2018, hukumar na shan man dizal kusan lita miliyan dubu uku a shekara, kuma tana cikin manyan masu sayen wannan mai a ƙasar. Indiya kuwa daga waje take shigo da fiye da kashi 85 cikin ɗari na ɗanyen man da take amfani da shi. Don haka tun kafin a fara maganar sauyin yanayi, batun rage shan dizal batu ne na kuɗaɗen musanya na ƙasashen waje, kuma duk lokacin da farashin mai ya tashi a kasuwannin duniya, kasafin kuɗin hukumar kan ji a jikinsa.

Dalilin tsimin jirgin ƙasa

Jirgin ƙasa ya fi mota tsimin makamashi, ko da kuwa da dizal yake aiki. Dalili shi ne ƙafar ƙarfe ce ke tafiya a kan dogon ƙarfe, kuma wurin da suke haɗuwa bai fi girman kwabo ba. Tayar roba tana lotsawa a kan kwalta, ta yi zafi, ta cinye wani kaso na ƙarfin injin. Ƙafar jirgi ba ta lotsawa haka. Bugu da ƙari, taragai na bin juna ne a jere, ta yadda na gaba ke keta iska, na baya su bi sawunsa.

Wani rahoto da Hukumar Makamashi ta Duniya ta fitar a birnin Delhi a farkon shekarar 2019 ya nuna cewa jiragen ƙasa na ɗaukar kashi 8 cikin ɗari na zirga-zirgar fasinja a duniya da kashi 7 na kaya, amma abin da suke ci bai wuce kashi 2 cikin ɗari na makamashin da ake kashewa a harkar sufuri ba.

To amma su ma injinan da ke jan jiragen sun bambanta. Injin tururi, wanda ake ƙona kwal a cikinsa domin tafasa ruwa, shi ne mafi ɓarna: abin da ke kaiwa ga ƙafafunsa bai kai kashi 10 cikin ɗari na ƙarfin da ke cikin kwal ɗin ba, sauran duk ya bi hayaƙi da zafi. Injin dizal kan ci moriyar kimanin kashi ɗaya bisa uku na man da ya sha. A haƙiƙa ma dai injin dizal na jirgin ƙasa janareta ne mai tafiya, domin man yana juya na'urar da ke samar da lantarki ne, lantarkin kuma ya juya ƙafafu. Shi kuwa injin lantarki, da yake ba ya ɗauke da tankin mai balle ya ƙona komai, yakan mayar da kusan kashi 90 cikin ɗari na wutar da ya ja daga waya zuwa tafiya.

Wannan adadi na kashi 90 yana da ruɗi idan aka tsaya a kansa. Ita tashar da ta samar da wutar, in da kwal take aiki, kimanin kashi ɗaya bisa uku na ƙarfin kwal ɗin kawai take iya mayarwa lantarki, sannan wani abu ya zube a hanya kafin wutar ta isa layin dogo. Wato ɓarnar tana nan, an dai kwashe ta ne daga kan jirgi zuwa tashar wuta. Ribar lantarki ita ce ana iya canja tushensa. Jirgin da yau ke tafiya da wutar kwal, gobe zai iya tafiya da wutar madatsar ruwa ko ta hasken rana ba tare da an taɓa ko ƙusa ɗaya a jikinsa ba.

Daga Bombay zuwa Kurla

Jirgin fasinja na farko a Indiya ya tashi ne ranar 16 ga watan Afrilun 1853, daga Bombay, wadda yanzu ake kira Mumbai, zuwa garin Thane, tafiyar kilomita 34. Injinan tururi ne suka ja shi, kuma su suka ci gaba da mulkin layukan ƙasar har fiye da shekaru ɗari. Sai a shekarar 1995 aka janye su daga manyan layuka. A yau waɗanda suka rage suna jan 'yan yawon buɗe ido ne a kan ƙananan layukan tsaunukan Darjeeling da Nilgiri.

Ranar 3 ga watan Fabrairun 1925 ne jirgin lantarki na farko ya yi tafiya daga tashar Victoria ta Bombay zuwa unguwar Kurla. An yi amfani da wuta nau'in DC mai ƙarfin volt 1,500. Irin wannan wuta na buƙatar wayoyi masu kauri da kuma tashoshin rarraba wuta kusa da juna, saboda haka tana da tsada a kan doguwar hanya.

A shekarar 1957, shekaru goma bayan samun 'yancin kai, Indiya ta yanke shawarar rungumar tsarin da kamfanin jiragen ƙasa na Faransa ya gwada ya ga nasararsa, wato wuta nau'in AC mai ƙarfin volt dubu 25. Idan ƙarfin wuta ya yi sama haka, asarar da ake yi a cikin waya takan ragu ƙwarai, kuma tashoshin rarrabawa za su iya yin nisan kilomita da dama da juna. An fara aiki da tsarin a shekarar 1960 a yankin ma'adinan ƙarfe na gabashin ƙasar. Wannan shawara ta 1957 ita ce ta sa a yau injin lantarki guda zai iya tashi daga arewacin Indiya ya dangana da kudancinta. Birnin Mumbai ne ya daɗe a kan tsohon tsarin, kuma sai a watan Afrilun 2016 aka kammala sauya layinsa na ƙarshe.

A ɗaya hannun kuma, an kafa masana'antar ƙera injinan dizal a birnin Varanasi a shekarar 1961, ta fitar da injinta na farko a 1964 bisa fasahar kamfanin Alco na Amurka. Shekaru hamsin da suka biyo baya, manufar ƙasar ita ce tafiya da ƙafa biyu: lantarki a kan layuka masu cunkoso, dizal a sauran wurare.

Shawarar 2018

Ya zuwa shekarar 2014, layukan da ke da lantarki ba su wuce kilomita dubu 22 ba, wato kimanin kashi ɗaya bisa uku na dukkan layukan ƙasar. Amma da yake su ne masu cunkoso, su ke ɗaukar kusan kashi biyu bisa uku na kaya da kimanin rabin fasinja.

A watan Satumban 2018, majalisar ministocin Firaminista Narendra Modi ta amince a ja lantarki a kan dukkan abin da ya rage na manyan layuka, har tsawon kilomita 13,675. Daga shekarar 2020 zuwa 2024, ana kammala fiye da kilomita 6,000 a kowace shekara. Layin Konkan mai tsawon kilomita 741, wanda ke ratsa duwatsu da koguna a gaɓar tekun yammacin ƙasar, an gama shi a watan Maris na 2022. Jihohin arewa maso gabas, inda ruwan sama da zaftarewar ƙasa ke kawo cikas, su ne suka zo a ƙarshen layi.

Domin kwatance, a Birtaniya, wadda ta shimfiɗa wa Indiya dogon farko, layukan da ke da lantarki ba su kai kashi 40 cikin ɗari ba. A China sun kai kimanin kashi uku bisa huɗu. A Amurka kuwa, inda kamfanoni masu zaman kansu ke dakon kaya da dizal, abin bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari ba. Ƙasar Switzerland ce ta daɗe da kaiwa kusan ɗari bisa ɗari, amma layukanta ba su kai kashi ɗaya bisa goma na na Indiya ba.

Ba kowa ne ya yi na'am da wannan shawara ba. Wasu tsofaffin injiniyoyin hukumar da masana tattalin arziki sun yi ta nuni da cewa kafa turaku da wayoyi da tiransifoma yana biyan kuɗinsa ne a inda jirage ke wucewa da yawa. A kan layin karkara da jirgi uku ko huɗu ke bi a rana, man da za a yi tsimi ba zai taɓa biyan abin da aka kashe ba. Hujjar hukumar ita ce, matuƙar akwai giɓi a tsakani, dole ne jirgi ya tsaya a canja masa inji a mahaɗa, ko kuma a bar injin dizal ya yi ta tafiyar ɗaruruwan kilomita a ƙarƙashin wayar lantarki, abin da ya zama ruwan dare a wancan lokaci. Duka ɓangarorin biyu na da gaskiyarsu, amma alƙaluman mai sun nuna sakamako: a cewar ma'aikatar jiragen ƙasa, dizal ɗin da aka sha wajen jan jirage a shekarar kuɗi ta 2023 zuwa 2024 ya ragu da fiye da lita miliyan dubu ɗaya idan aka kwatanta da shekaru biyar kafin nan.

Birki mai mayar da wuta

Jan waya kaɗai ba ya kawo tsimi. Wani babban kaso na ribar ya fito ne daga irin injinan da aka ɗora a kan layukan.

Jirgin da ke gudu yana ɗauke da ƙarfi mai yawa, kuma idan aka taka birki na gargajiya, duk wannan ƙarfi yakan zama zafi ya bi iska. Injinan zamani kuwa, da direba ya fara rage gudu, na'urorin da ke juya ƙafafu sai su rikiɗe su zama janareta. Nauyin jirgin ne ke juya su, su kuma su samar da wuta su mayar da ita cikin wayar da ke sama, wani jirgin da ke tashi daga tasha ko yake hawan tudu ya yi amfani da ita. Injin dizal ma na iya yin irin wannan birki, sai dai ba shi da inda zai kai wutar, don haka yakan ƙona ta ne a cikin wasu ƙarafa da ke rufinsa.

Indiya ta fara samun irin waɗannan injina a tsakiyar shekarun 1990 daga kamfanin ABB, daga bisani masana'antar Chittaranjan da ke jihar Bengal ta Yamma ta ci gaba da ƙera su a gida. Amfanin wannan birki ya fi fitowa a inda ake yawan tsayawa. Jiragen unguwannin Mumbai, waɗanda ke jigilar mutum fiye da miliyan 7 a rana kuma suke tsayawa bayan kowane 'yan mintoci, sun fara samun taragai masu wannan fasaha daga shekarar 2007, kuma sukan mayar da kusan kashi ɗaya bisa uku na wutar da suka ja.

Jirgin cikin birnin Delhi, wanda wani kamfani dabam ke gudanarwa kuma ya fara aiki a watan Disamban 2002, shi ne jirgin ƙasa na farko a duniya da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi wa rajista a ƙarƙashin shirin nan na yarjejeniyar Kyoto, wanda ke biyan ƙasashe masu tasowa ladan rage hayaƙi. Birkinsa ne ya sama masa wannan matsayi a shekarar 2007.

Jiragen fasinja na Vande Bharat, waɗanda ake ƙerawa a birnin Chennai kuma na farkonsu ya fara zirga-zirga tsakanin Delhi da Varanasi a watan Fabrairun 2019, ba su da inji a gaba. An rarraba na'urorin tuƙin ne a ƙarƙashin taragai, abin da ke sa su saurin ɗaukar gudu, kuma su ma birkinsu na mayar da wuta.

Akwai kuma wani gyara da fasinja ba su cika lura da shi ba, in ban da raguwar ƙara. A da, manyan jiragen dogon zango masu na'urar sanyaya ɗaki suna jan taragai biyu na musamman, ɗaya a gaba ɗaya a baya, kowanne ɗauke da janaretocin dizal domin fitilu da fankoki da na'urorin sanyi. Wato ko da injin lantarki ne ke jan jirgin, janareta na ta ruri a bayansa dare da rana. Daga baya aka sanya wa injinan wata na'ura da ke rage ƙarfin wutar da ke saukowa daga waya ta rarraba ta ga taragai. Janaretan ya koma na ko-ta-kwana, kuma a jirage da dama an cire tarago ɗaya an maye gurbinsa da wanda ke da kujerun fasinja. A shekarar 2018 kuma aka kammala sauya fitilun tashoshi zuwa ƙwayaye masu tsimin wuta na LED.

Layukan kaya zalla

Duk tsimin da za a yi a cikin jirgi bai kai tsimin da ake samu ba idan aka sauke kaya daga bayan tirela aka ɗora a tarago. A nan ne kuma Indiya ta daɗe tana komawa baya. A farkon shekarun 1950, fiye da kashi 80 cikin ɗari na kayan ƙasar jirgin ƙasa ke ɗauka. Ya zuwa shekarar 2020, kason ya faɗo zuwa kimanin kashi 27, sauran akasari manyan motoci masu shan dizal ne suka kwashe.

Babban dalili shi ne jinkiri. Layukan da suka haɗa manyan birane huɗu, Delhi da Mumbai da Chennai da Kolkata, kimanin kashi 16 cikin ɗari ne na dogon ƙasar, amma su ke ɗaukar fiye da rabin fasinja da kaya. Da yake jirgin fasinja ake bai wa fifiko, na kaya yakan raɓe a gefe ya jira, wani lokaci na sa'o'i. Matsakaicin gudun jirgin kaya ya daɗe a wajejen kilomita 25 cikin sa'a. Ɗan kasuwar da ke son kwantenarsa ta isa tashar jirgin ruwa a kan lokaci sai ya gwammace ya biya mota. Kowace tsayawa da tashi kuma asarar makamashi ce, domin tayar da jirgi mai nauyin ton dubu huɗu ko biyar daga tsaye shi ne abin da ya fi cin wuta.

Saboda haka ne a shekarar 2006 aka kafa wani kamfanin gwamnati domin gina layuka biyu da jirgin fasinja ba zai hau ba. Na gabas, mai tsawon kilomita 1,337, ya tashi daga Ludhiana a jihar Punjab zuwa Sonnagar a jihar Bihar, da rancen Bankin Duniya, kuma an kammala shi a shekarar 2023. Na yamma, mai tsawon kilomita 1,506, ya tashi daga Dadri kusa da Delhi zuwa tashar jiragen ruwa ta Jawaharlal Nehru da ke daura da Mumbai, da rancen ƙasar Japan, kuma ya zuwa 2024 akasarinsa ya fara aiki.

A kan layin yamma an ɗaga wayar lantarki sama har fiye da mita bakwai, domin a iya ɗora kwantena biyu, ɗaya a kan ɗaya, a kowane tarago. A Amurka an daɗe ana irin wannan lodi, amma da injinan dizal. A watan Janairun 2021 aka ƙaddamar da jirgi mai irin wannan lodi, mai tsawon kilomita ɗaya da rabi, injin lantarki na jansa, tsakanin Rewari da Madar. Jiragen kaya a kan waɗannan sababbin layuka na tafiya da kimanin ninki biyu na gudun da suke yi a tsofaffin.

Domin jan manyan jiragen kaya, an ƙulla yarjejeniya da kamfanin Alstom na Faransa a shekarar 2015 ya ƙera injinan lantarki 800 masu ƙarfin doki 12,000 kowanne a garin Madhepura na jihar Bihar. Na farko ya fara aiki a watan Mayun 2020. Burin da gwamnati ta sa a gaba shi ne kason jirgin ƙasa a dakon kaya ya koma kashi 45 cikin ɗari nan da 2030, buri mai wuyar cimma wa ganin yadda ita ma gwamnatin ke zuba kuɗi wajen gina manyan tituna a daidai wannan lokaci.

Batun kwal

A watan Yulin 2020 ne ma'aikatar jiragen ƙasa ta bayyana burin daina ƙara hayaƙi nan da 2030, kuma Mista Modi ya maimaita shi a taron sauyin yanayi na birnin Glasgow a watan Nuwamban 2021, inda ya sanya wa ƙasar baki ɗaya wa'adin shekarar 2070.

Cikas ɗin dai shi ne fiye da kashi 70 cikin ɗari na wutar lantarkin da Indiya ke samarwa daga kwal take fitowa. Matuƙar haka lamarin yake, sauya injin dizal da na lantarki yana rage kuɗin mai, yana kuma kawar da hayaƙi daga tashoshi da unguwannin da jirgi ke ratsawa, amma ragin da yake kawowa a iskar kabon ba shi da yawa kamar yadda ake zato.

Dangantakar jirgin ƙasa da kwal ma ta wuce nan. Kusan rabin kayan da hukumar ke ɗauka kwal ne, daga mahaƙan jihohin Jharkhand da Odisha da Chhattisgarh zuwa tashoshin wuta na arewa da yamma. Kuɗin tikitin fasinja a Indiya yana da araha ƙwarai, kuma ba ya biyan abin da ake kashewa. Ana cike giɓin ne da tsadar kuɗin dakon kaya, musamman na kwal. Ma'ana, duk ranar da ƙasar ta rage ƙona kwal, wutar da ke jan jiragen za ta ƙara tsabta, amma kuma babbar hanyar samun kuɗin hukumar za ta tsuke. Tsadar dakon nan kuma na cikin abubuwan da suka kori sauran 'yan kasuwa zuwa ga motoci.

An ga ƙarfin wannan dangantaka a watannin Afrilu da Mayun 2022, lokacin da tsananin zafi ya sa buƙatar wuta ta ƙaru, kwal ya yi ƙaranci a tashoshi, har hukumar ta soke ɗaruruwan tafiye-tafiyen jiragen fasinja domin a bai wa jiragen kwal hanya. Kafin nan, a ranakun 30 da 31 ga watan Yulin 2012, lalacewar babban layin wutar ƙasar ta jefa mutum fiye da miliyan 600 cikin duhu, jirage da dama suka maƙale a tsakiyar hanya, sai da aka aika injinan dizal suka jawo wasunsu.

Hasken rana da matsalar dare

Hukumar na da filaye masu yawa a gefen layuka da kuma rufin dubban tashoshi, kuma ta fara shimfiɗa farantan hasken rana a kansu. A shekarar 2020, a garin Bina na jihar Madhya Pradesh, an kafa wata 'yar ƙaramar tasha mai ƙarfin megawat 1.7 wadda ke zuba wutarta kai tsaye cikin wayar da ke jan jirage. Jirgin cikin birnin Delhi kuwa, tun shekarar 2019 yake karɓar kusan kashi ɗaya bisa huɗu na wutar da babbar tashar hasken rana ta Rewa mai megawat 750 ke samarwa.

Amma tazarar da ke tsakanin buri da abin da ke ƙasa tana da faɗi. A ƙiyasin da ita ma'aikatar ta yi, cika alkawarin 2030 na buƙatar tashoshin rana da iska masu ƙarfin kimanin megawat dubu 30. A farkon shekarar 2025, abin da aka kafa ya fara aiki bai kai megawat dubu ɗaya ba.

Sannan jirgin ƙasa ba ya hutawa idan rana ta faɗi. Manyan jiragen dogon zango da na kaya suna tafiya ne dare da rana. Wannan ne ya sa hukumar ta koma ƙulla yarjejeniyoyi da kamfanonin da za su haɗa wutar rana da ta iska da kuma hanyoyin adana wuta, su ba ta lantarki sa'o'i 24 ba yankewa. Irin wannan wuta ta fi ta rana zalla tsada.

Injinan dizal da suka yi saura

A shekarar 2015, wato shekarar da aka ƙulla yarjejeniyar Madhepura, gwamnati ta sa hannu a kan wata yarjejeniyar da kamfanin General Electric na Amurka domin ƙera injinan dizal 1,000 a garin Marhowra, shi ma a jihar Bihar. Shekaru uku bayan haka aka yanke shawarar jan lantarki a ko'ina. Hukumar ta wayi gari da dubban injinan dizal, da yawansu ba su ci rabin shekarun aikinsu ba, ga kuma sababbi na fitowa daga masana'anta. Shi ma ƙera inji makamashi yake ci, don haka ajiye shi kafin lokacinsa asara ce da ba ta cika fitowa a lissafin tsimi ba.

An gwada sauya wasu zuwa lantarki. Masana'antar Varanasi ta yi hakan a shekarar 2018, kuma a 2020 aka cire kalmar dizal daga sunanta, da yake injinan lantarki ta koma ƙerawa. Wasu injinan an bar su domin aikin jera taragai a tashoshi da kuma ko-ta-kwana, wasu an sayar wa masana'antu da tashoshin jiragen ruwa.

Sauran hanyar ita ce kasuwannin waje, musamman na Afirka, inda Indiya ba baƙuwa ba ce a wannan harka. Kamfanin RITES, wanda reshe ne na ma'aikatar jiragen ƙasan Indiya, shi ne ya riƙe ragamar Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya daga 1979 zuwa 1982, kuma ya sayar wa ƙasashe irin su Mozambik injinan dizal ƙirar Varanasi. A shekarar 2025, masana'antar Marhowra, wadda ta koma hannun kamfanin Wabtec bayan ya sayi sashen jiragen ƙasa na General Electric, ta fara aika injina zuwa ƙasar Gini, inda aka yi odar guda 150 domin jan tama daga mahaƙar ƙarfe ta Simandou zuwa bakin teku.